Na Gode, Na Ƙoshi

"Wai wace ce ta ɗaga hannun?"

"Doguwar nan mana, 'yar Fiji. Mai saƙala fure a kunne."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai tilo, har da murmushinta, kamar wadda za a kira a ba kyauta."

"To ai dukkanmu muna ci. Wa ya taɓa shiga gidajen tsofaffin Italiyawan nan ya fito da cikinsa yadda ya shiga?"

"Ci daban, ɗaga hannu daban. Miƙo mini sukarin nan."

"Ni dai tun bitar farko na gane kan abin. Hannunki a cinya, bakinki alekum, a sallame ki ki kama gabanki."

"Shii! Ga ta nan tafe."

Unaisi ta ji su sarai. Ta zuba ruwan zafi a kofin takarda, ta manta ba ta sa ganyen shayi ba, ta koma kujerarta da shi haka nan. Zauren da kamfanin ke ara don bitar ma'aikatansa yana bayan wata majami'a ce a garin Griffith na ƙasar Ostareliya. Rufin kwano ne, ga zafin Disamba, fankoki sai kwasar iska mai ɗumi suke daga wannan kusurwa su kai waccan. Duk wadda ke sa rigar kamfanin tana bi gida-gida don kula da tsofaffi da marasa lafiya, dole ne lokaci-lokaci ta zo nan a sake karanta mata ƙa'idojin aiki: yadda ake wanke hannu, yadda ake tayar da wanda ya faɗi ba tare da an karya shi ko an karya kai ba, abin da ake faɗa da abin da ake haɗiyewa. Wadda ta ƙi zuwa, sunanta ya fita daga cikin masu fita aiki.

Abin da ya faru kafin hutun shayin ba wani dogon abu ba ne. Malamar bitar, Rhonda, tsohuwar nas ce mai gajeren gashi da murya irin ta mai shela. Ta iso darasin iyaka tsakanin ma'aikaciya da wanda take kula da shi, sai ta ce, "Wa aka taɓa yi wa tayin abinci a gidan aiki?" Zaure ya ɗauki dariya, hannaye suka tashi ko'ina. Ta ce, "Madalla. To wa ta karɓa ta ci?" Hannayen nan suka zube kamar an kaɗa busasshen ganye. Na Unaisi ne kaɗai ya tsaya a sama. Ba taurin kai ba ne. Ita a zatonta wannan ce amsar da ake nema, ta ɗauka yanzu za a ce, ku dubi Unaisi ku koyi ladabi.

A ƙauyensu, can tsibirin Kadavu na ƙasar Fiji, ɗakin girkin mahaifiyarta ba shi da ƙyaure. Duk wanda ya gifta a lokacin ci sai an ƙwala masa kira ya zo a ci. Mai wucewa yana iya yin godiya ya wuce, ba wanda zai ga laifinsa. Amma wanda ya riga ya shigo ya zauna a tabarma, aka ajiye masa gwaza da kifi ya ce a'a, to wannan da gaba ya zo. Da haka ta tashi. Da haka ta yi jinyar kakarta har ta rufe mata ido, ta kuma yi jinyar mijinta, masuncin da teku ta bari ciwon suga ya ɗauka. Da aka zo neman masu aikin jinya a Ostareliya, mutanen ƙauye suka ce ai Unaisi da hannun jinya aka haife ta. Ta bar 'yarta Miliana a Suva, babban birnin ƙasarsu, wurin yayarta tana karatu, ta hau jirgi. Izinin zamanta a ƙasar nan ɗaure yake da kamfanin, kamar akuya da turke. In aiki ya tsinke zama ya tsinke, karatun Miliana ma ya bi sahu.

Ba a jima da bitar ba aka kira ta ofis. Ba wanda ya ɗaga mata murya, da ma sun ɗaga da ta fi samun sauƙi. Aka ba ta ruwan sanyi, aka yaba gaskiyarta, sannan aka ce wannan gargaɗi ne, kuma bayan irinsa babu wani sai sallama. Rhonda tana wurin, ita ce ma ta koya mata abin faɗa.

"Kada ki ce an hana ki, sai tsofaffin su ji kamar sun yi laifi. Murmushi za ki yi ki ce, 'Na gode, na ƙoshi.' Faɗi mu ji."

"Na gode, na ƙoshi."

"Yawwa! Kin ga ai ba wuya."

"To in ban ƙoshi ba fa?"

Rhonda ta cire tabarau ta murza ido. "Unaisi, ba cikinki ake tambaya ba."

Gidan da ya jawo duk wannan yana bayan gari, inda kwalta ta ƙare gonakin lemo suka fara. Nan Nunziata take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Tana 'yar budurwa aka kawo ta daga Italiya, ta tsufa a kan murhu tana dafa wa matsinkan lemo. Har yau dogon teburin yana nan a ɗakin girki, wanda a da ake cika shi da maza masu warin gumi da ɓawon lemo. A duk shekarun nan ba ta taɓa kai loma bakinta ba sai ta ga na ƙarshensu ya fara tauna. Bara ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, tun daga nan tafiya sai da abin dogarawa, girki kuwa sai dai da baki. Unaisi ce hannunta. Takan zo da hantsi ta yi mata wanka, ta duba ko ta sha magani, ta ɗora tukunya, tsohuwa na zaune tana ba da umarni kamar mai jan runduna.

"Gishirin nan na ubanki ne da kike tsoronsa? Ƙara!"

"Kaka, likita ya ce..."

"Likita ya taɓa cin taliyata? Dube shi kamar tsinke. Ƙara na ce, doguwar banza."

"Ni ce doguwar banza? Wa ke ɗauko miki man zaitun daga saman kanta?"

"Shi ya sa ban kore ki ba."

In abinci ya nuna, tsohuwa da kanta take jawo faranti biyu daga kwandon da ke gefenta. Ta zuba wa Unaisi, ta tsare ta da ido har sai cokali ya shiga baki, sannan ta ɗauki nata. Ba wani ci Unaisi ke yi ba, ɗan abin da zai rufe gindin faranti ne. Amma muddin ƙarar cokalinta na tashi, na tsohuwa ma yana tashi. In ta tsaya, tsohuwa ma ta tsaya. Wasu ma'aikatan da aka fara turowa sun yi ta kai ƙorafin cewa tsohuwar ba ta cin abinci. A hannun Unaisi kumatunta suka ciko, har nas mai zuwa awo ta tambaya ko an canja mata magani ne.

Ranar farko bayan gargaɗin, miyar wake ce da taliya ƙanana. Tsohuwa ta jawo faranti biyu, ta zuba, ta tura ɗaya.

Unaisi ta tsaya a bakin wurin wanke-wanke ta haɗa murmushin da aka koya mata. "Na gode, na ƙoshi."



"Me kika ce?"

"Na ce na gode, Kaka. Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi. A gidan uban wa?"

"Na ci kafin in fito."

"Tun daga nan nake jin cikinki yana kuka kamar famfon gona. Zo nan in ga idonki. Ciki gare ki?"

"Haba Kaka! Da wane mijin?"

"To gashi kika gani a miyar? Ko wani ya ce miki ina zuba wa mutane abu?"

"Ba ko ɗaya."

Tsohuwa ta dube ta. Sannan ta sa yatsa ɗaya ta tura nata farantin a hankali har tsakiyar tebur, ta naɗe hannu a ƙirji, ta siranta murya, ta ja ƙarshen maganar sama daidai yadda Unaisi ke yi.

"Na gode," in ji ta. "Na ƙoshi."

Unaisi ta ɗauka fushin yini ɗaya ne. Washegari aka maimaita, jibi ma haka. Da safe tsohuwa takan jiƙa ɗan burodi a kofi, da yamma ta tsotsi ɓarin lemo, shi ke nan. Kuma kullum sai ta sa an yi girki, kullum sai ta jawo faranti biyu, kullum abincin ya huce a gabansu, ɗaya na zaune ɗaya na tsaye, kowacce ta ƙoshi.

Ba dabarar da Unaisi ba ta gwada ba. Ta kunna rediyo ko zai ɗebe kewa, tsohuwa ta ce rediyo ba shi da bakin tauna. Ta zauna da kofin ruwa tana kurɓa, tsohuwa ta ce ita ba ta gayyaci raƙumi ba. Wata rana ta taho da dafaffen rogonta a 'yar roba, don ai ba a ce kada ta ci nata ba, ta buɗe a kan tebur. Nan ne ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Leɓen tsohuwa ya kama rawa.

"Kika shigo gidana da guzurinki? Gidan Nunziata? Mutanen da suka ci a teburin nan sun fi gashin kanki yawa, ba wanda ya taɓa shigowa da ko gishiri. Rufe abin nan kafin in jefe ki da shi."

Ta rufe. A mota ta cinye rogon.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, bitar da ta hana ta ci ita ce kuma ta koya mata alamomin rama: zoben da ya fara juyawa a yatsa, haƙoran roba da suka fara ƙwanƙwasa a baki, fatar bayan hannu da in an ɗaga ba ta saurin komawa. Duk ta gan su ɗaya bayan ɗaya, ta kai rahoto kamar yadda aka ce a yi. Nas ta zo ta ɗora tsohuwa a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. A bakin ƙofa ta rage murya ta ce wa Unaisi, in aka ci gaba a haka ba za a bar ta ita kaɗai a gida ba, sai dai a nema mata gado a gidan kula da tsofaffi. Tsohuwa kuwa kunnenta ras. Daga ciki ta ɗaga murya ta ce, "Ku gaya musu da akwati za a fitar da ni daga nan, ba da keken guragu ba!"

Ranar Lahadi bayan sujada a majami'a, Unaisi ta ja ƙawarta Lupe gefe. Lupe 'yar Tonga ce, ta fi ta daɗewa a kamfanin, kuma muryarta ce ɗaya daga cikin waɗanda ta jiyo a wurin shayi.

"Ke ma dai da shegen tsoro," in ji Lupe tana naɗa ragowar naman alade a takarda. "Ja labule ki ci abinki. Bango zai kai ƙara?"

"In aka tambaye ni fa?"

"Sai ki ce ba ki ci ba."

"A bakina? Yanzu fa muka fito daga gaban Allah."

"Kullum kina cewa kin ƙoshi alhali ba ki ƙoshi ba, wannan wa'azi ne?"

Lupe ta sassauta. "Ƙawata, ni da ke ba ɗaya ba ne, na sani. Ni ko an kore ni ina da takardar zama ta kaina. Ke kuma idonsu na kanki, kuma tsohuwar nan da bakinta za ta yi wa nas alfahari ta ce kin dawo ci. To ki riƙe 'yarki. Tsohuwar tana da ɗa, ba ke kika haife ta ba."

Ɗan shi ne Carmelo, wanda gonar ke hannunsa yanzu. Gidansa yana ɗaya ƙarshen gonar. Yana zuwa, ba za a ce ba ya zuwa ba. Yakan shigo da kwalin lemo ko ledar magani, ya sumbaci uwar a ka, ya duba famfo, ya duba wayar wuta, duk a tsaye, makullan mota na kaɗawa a yatsarsa. Unaisi ba ta taɓa ganin ya zauna a ɗakin girkin nan ba. In uwar ta ce, "Ka ci abinci?" sai ya ce, "Na ci a mota, Mama," yana kallon ko'ina ban da kujerar da ke can ƙarshen teburin, wadda ta ubansa ce. Ita kuma ko za ta mutu ba za ta ce masa zauna ba. Ofis ya kira shi ya ce mahaifiyarsa ta rage cin abinci. Ya ce ai tsufa ne, a yi abin da ya dace.

Da bitar gaba ta zagayo, zafi ya ƙaru, lokacin tsinkar inabi ya kusa. Unaisi ta zauna can baya, hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinya. Rhonda ta ce yau ba dogon bayani, wasan kwaikwayo za a yi. Ta ajiye tebur da farantin roba, ta ce ita za ta zama ma'aikaciya, tana son wadda za ta zama tsohuwa mai tayin abinci. Ba wadda ta motsa. Idonta ya zagaya ya sauka a baya.

"Unaisi, taso. Ke kin san darasin nan."

Ta taso ana 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Ta zauna. Ba ta shirya komai ba, amma tana zama kafaɗarta ta ranƙwafa da kanta, haɓarta ta turo gaba.

"Zauna ki ci, 'yar nan."

"Na gode, na ƙoshi," in ji Rhonda, da murmushin da ya dace.

"Kin ƙoshi. A gidan uban wa?"

Zaure ya fashe. Lupe har da buga cinya.

"Na ci kafin in fito. Amma ke ki ci, zan zauna kusa da ke."

"Ki zauna ki ƙirga mini loma? Ni jaririya ce? Dube ki kamar tsinke, mijinki bai yi ƙorafi ba?"

Dariya ta ƙaru, ita ma Rhonda sai da ta dara. "Abincinki yana da ƙamshi ƙwarai. Daure ki ɗan taɓa."

Unaisi ta sa yatsa ɗaya ta tura farantin roban a hankali. Ƙarar jansa a kan tebur ta fito sarai. Ta naɗe hannu.

"Na gode. Na ƙoshi."

Aka jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Dariyar ta yi ta raguwa har ya zama fanka kaɗai ake ji. Rhonda ta ce, "To, sai me ya biyo baya?"

"Shi ke nan," in ji Unaisi da muryarta ta ainihi. "Gobe ma haka. Daga nan sai a zo da sikeli."

Bayan an tashi, tana tattara jakarta, Rhonda ta zo ta zauna a kujerar kusa da ita ta tuɓe takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Kina ganin ni muguwa ce ko?"

"A'a, Malama."

"Kina gani mana. Bari in gaya miki. Akwai wani dattijo da na sani lokacin ina fita aiki. Yarinyar da ke kula da shi da biskit ta fara. Daga biskit sai abincin rana, daga nan sai aron mota. Kafin 'ya'yansa su farga, ita ke riƙe da makullin gidan, shi kuma yana tsoron ya yi magana kada ta daina zuwa. Ba don irinki aka kafa dokar nan ba. Amma ni daga nan ba ni da idon da zan gane wacce ce wacce, kowa da rigar kamfani ɗaya take shiga."

"To tsohuwar fa?"

"Akwai hanya. In iyali suka nema, ana iya sawa a cikin tsarin kulawarta cewa a ci tare da ita. Amma daga bakinsu zai fito, sannan a zauna a duba."

"Sai in gaya wa ɗanta."

"A'a. Ke ba kya ba iyali shawara, wannan ma yana cikin darasin iyaka. Ofis ne ke magana da su. Zan sa a sake kiransa."

"In ya ce tsufa ne fa?"

Rhonda ta mayar da takalminta. Ta ɗaure igiyar. "In ya ce haka, to haka ne a wurinmu."

An kira shi, Unaisi ta ji daga baya. Yana tsakiyar gyaran injin ban ruwa, ya ce zai kira, bai kira ba.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, tsohuwa ta sa a yi taliya mai faɗi da miyar tumatir, wadda ake barin ta a wuta tun safe. Muryar umarnin ta ragu, ko gishiri ba ta yi faɗa a kai ba. Da za ta jawo faranti na biyu sai da ta haɗa da hannu biyu. Ta zuba, ta tura, ta ɗago ido.

"Yau ma?"

Unaisi ta dubi farantin. Loma ɗaya ce tsakaninta da shi. Ta tuna Miliana da farar rigar makaranta, ta tuna muryar nas a bakin ƙofa. Ta riƙe bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu kamar mai tsoron kada ruwa ya tafi da ita.

Sai ga ƙarar mota a tsakar gida, ga takun manyan takalma, ga kaɗawar makullai.

Carmelo ya shigo hularsa a hannu, wuyansa ja wur da rana. Ya sumbaci uwar a ka. A aljihun rigarsa akwai wata takarda mai sheƙi a naɗe, hoton lambu da fararen kujeru ya leƙo daga sama. Unaisi ta san irinta, ta tallan gidan kula da tsofaffi ce, ta sha ganinta a gidajen da daga baya aka daina tura ta. Tsohuwa ma ta gani. Sai ta shafa gefen teburin da tafin hannu.

"Mama, akwai maganar da za mu yi, amma ba yau ba. Mutanen nan sun ce ba kya cin abinci."

"Na ƙoshi."

"Kin gani ko?" Ya juyo wurin Unaisi yana buɗa hannu. "Haka take ce mini kullum. Ni ban san yadda zan yi ba. A can aƙalla akwai masu lura da ita dare da rana."

"Ka ci abinci?" in ji tsohuwa, ba tare da ta dube shi ba.

"Na ci a mota, Mama."

Ya duba famfo, famfo lafiya lau. Ya taɓa makunnin fitila. Makullai suka kaɗa, ya juya ya nufi ƙofa. Tururin farantin na biyu ya fara raguwa.

Unaisi ta san darasin, Rhonda da bakinta ta faɗa mata: ma'aikaciya ba ta ba iyali shawara. Ta san in maganar ta koma ofis ba wani ruwan sanyi da za a sake ba ta. Ta ji hannunta na dama ya saki bakin wurin wanke-wanken, hannun nan dai da ya ƙi sauka a zaure. Ta kama bayan kujerar uban da ke can ƙarshen teburin ta jawo ta. Ƙafafun kujerar suka yi ƙara a kan daɓe, irin ƙarar abin da ya daɗe ba a motsa shi ba. Carmelo ya tsaya cak, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Tsohuwa ta ɗago kai.

"Carmelo, ɗan'uwana," in ji Unaisi. "Mahaifiyarka ba ta ƙoshi ba, ni ma ban ƙoshi ba, kai ma na san ba ka ci komai a mota ba. Ita ba ta iya kai loma baki sai ta ga wani yana ci a gabanta. Ni an ɗaure mini hannu, kai ba wanda ya ɗaure naka. Don girman Allah ajiye makullan nan ka zauna, ka ɗauki cokalin nan tun abincin bai huce ba."